Takardar Kawu: Tarihin Faks Daga Wayar Tangaraho Zuwa Intanet

Mai karatu, in kana da tsohuwar takardar faks a cikin akwati ko a wani fayil, to ina ba ka shawara ka tashi ka dubo ta kafin ka ci gaba da karanta wannan rubutu. Mai yiwuwa ka tarar da abin da muka tarar a gidanmu: takarda mai santsi, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, amma babu ko ɗigon rubutu a jikinta. Wannan abu da ya same mu shi ya sa na shiga bin diddigin tarihin wannan na'ura da wasu ke kira fas, wasu faks, tun daga asalinta har zuwa lokacin da ta rabu da wayar tarho ta hau Intanet.

A shekarar 1998 wani yaro ya yi sallama a ƙofar gidanmu a cikin birnin Kano, ya ce ana nemana a wani shagon buga waya, wai an turo saƙo daga Jidda. Ƙanin mahaifiyata ne ke can, ya daɗe yana sana'ar ɗinki. Da na isa, mai shagon ya miƙo mini wata takarda da ta naɗe kanta kamar tabarma, ya ce, "Malam, Larabci aka turo maka." Na duba na ce masa, "Ai Hausa ce." Kawu bai yi boko ba, da ajami yake rubuta komai. A cikin takardar ya gai da yayarsa, ya tambayi kowa da kowa, sannan ya ce kasonsa na gidan gado da muke ciki ya bar mata shi kyauta, duniya da lahira. Ga sa hannunsa a ƙasa, ga kwanan wata.

Na karanta wa Hajiya sau biyu. Ta karɓa ta shafa rubutun da yatsa, ta ce, "Wallahi hannunsa ne, ka ga yadda yake jan kaf ɗinsa tun yana makarantar allo." Ta naɗe ta cikin leda ta sa a ƙasan adaka. A lokacin ban damu da sanin yadda aka yi rubutun hannun mutum ya tsallako Bahar Maliya cikin minti guda ba. Sai daga baya.

Ta girmi tarho

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne faks ta girmi wayar tarho. A shekarar 1843, lokacin Sarkin Kano Ibrahim Dabo yana kan gadon sarauta, wani mai haɗa agogo ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Bain ya karɓi takardar mallakar fasaha a Ingila kan wata dabara ta aika siffar rubutu ta wayar tangaraho. Shi kuwa Alexander Graham Bell sai a 1876 ya karɓi tasa ta tarho, wato bayan shekara 33. Da yake Bain mutumin agogo ne, da abin nan mai lilo na cikin agogon bango ya yi tunani. Ya ce in aka sami masu lilo guda biyu, ɗaya a nan ɗaya a can, suna tafiya daidai wa daida, na farko yana shafar haruffan ƙarfe da allura, na biyu yana bin takardar da aka jiƙa da sinadari, to duk inda allurar farko ta taɓa harafi lantarki zai wuce ya bar tabo a takardar can. Wani Bature, Frederick Bakewell, ya gyara dabarar ta hanyar naɗa takardar a jikin ganga mai juyawa, har ya nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851. Sai dai duk su biyun matsala ɗaya ta kayar da su: da zarar na'ura ɗaya ta ɗan riga ɗaya sauri, sai rubutun ya karkace.

Wanda ya fara cin nasara wani limamin coci ne ɗan Italiya, masanin kimiyya, mai suna Giovanni Caselli. Na'urarsa ta kai tsawon mita biyu, kuma ya sami goyon bayan Sarkin Faransa Napoleon na Uku. A 1865 aka buɗe layin kasuwanci tsakanin Paris da Lyon, a 1867 aka kai shi Marseille. Mutum zai yi rubutu da wata tawada ta musamman a kan fallen ƙarfe, allura ta bi ta kansa layi-layi, a can ɗaya garin rubutun ya fito da launin shuɗi. Yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 shi ya kawo ƙarshen aikin.

Amma a lura da abin da aka fi amfani da na'urar Caselli a kansa: tantance sa hannu a harkar banki. Tangaraho ya fi ta sauri, ya fi ta araha, yana kuma kai kalmomi daidai. Abin da ba ya iya kaiwa shi ne hannun mutum. Tun daga ranar farko wannan ne jarin faks, kuma in mai karatu ya riƙe wannan, sauran tarihin zai zo masa da sauƙi.

Daga gidan jarida zuwa ofis

A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe, Arthur Korn, ya sauya allura da haske. Ya yi amfani da wani sinadari da ƙarfin lantarkinsa ke sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa, ta haka aka iya aika hoto. A 1907 ana aika hotuna tsakanin Munich da Berlin. 'Yan jarida da 'yan sanda su suka fara rububin abin, waɗannan don hoton labari, waɗancan don hoton wanda ake nema. A 1924 kamfanin RCA ya aika hoton shugaban Amurka Calvin Coolidge tsakanin New York da Landan ta iska, a 1935 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya kafa hanyar raba wa jaridu hotuna ta waya. Duk wannan zamani, faks kayan manyan hukumomi ce, tana cin ɗaki guda, tana buƙatar layinta na musamman.

A 1966 kamfanin Xerox ya fito da wadda za a iya ɗorawa a kan tebur, mai nauyin kilo 21 ko kusa da haka, tana aiki da layin tarho na kowa da kowa, tana aika shafi guda cikin minti shida. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin na'urar wannan kamfani ba ta jin yaren ta wancan. Sai da hukumar sadarwa ta duniya da ke Geneva ta sa baki ta tsara ƙa'idoji. Rukuni na ɗaya a 1968, minti shida. Rukuni na biyu a 1976, minti uku. Rukuni na uku a 1980, ƙasa da minti guda. Wannan na ukun shi ne faks ɗin da duk muka sani, shi ne ya kawo takardar Kawu.

Wa ya fi kowa cin gajiyar wannan ƙa'ida? Mutanen Japan. Dalili kuwa a bayyane yake. Rubutunsu yana da dubban alamomi, ba ya shiga keken rubutu ko na'urar teleks cikin sauƙi kamar haruffan Turawa 26. Ɗan kasuwar Japan da hannu yake rubutu, ya buga ɗan hatiminsa. Saboda haka na'urar da ke ɗaukar takarda yadda take ta zame masa tamkar ruwa ga mai ƙishi. Kamfanoni irin su Ricoh da Canon da Sharp da Matsushita suka yi ta ƙera ta, suna rage girma suna rage farashi, har ta cika ofisoshin duniya a shekarun 1980. Da na karanta wannan sai na tuna Kawu. Matsalar mutumin Tokyo da ta tela mai ajami a Jidda ɗaya ce: injinan rubutu ba don haruffansu aka yi su ba.

Yadda take aiki

Ita faks ba ta iya karatu ba, wannan ne sirrinta. Ba ta san alif ba, ba ta san "a" ba. Tana bin takarda ne layi bayan layi, ta raba kowane layi zuwa ɗigo 1,728, ta tambayi kowane ɗigo: fari ne ko baƙi? Don kada aikin ya yi tsawo, sai ta riƙa ƙirgawa a dunƙule, kamar masaƙi mai lissafin zare: fari ɗari uku, baƙi biyar, fari arba'in, baƙi biyu. Wannan lissafi take mayarwa sauti ta tura cikin waya. Kukan nan mai tsinka kunne da muke ji in an buga lambar faks, gaisuwa ce tsakanin na'urori biyu. Mai kira ta yi sallama, mai amsawa ta amsa, su tambayi juna irin saurin da kowa zai iya, su gwada lafiyar layin, in ba shi da kyau su rage gudu. Sai an gama wannan doguwar gaisuwa sannan a shiga magana.

A ɓangaren mai karɓa kuwa, yawancin na'urorin wancan zamani ba su da tawada. Takardar ce aka shafe da wani sinadari mai yin baƙi in ya ji zafi, na'urar tana ɗan ƙona ta ɗigo-ɗigo. Irin takardar da ake ba ka yau in ka cire kuɗi a wurin mai POS, wadda in ta kwana biyu a aljihu sai ka nemi rubutun ka rasa. Zafi da haske da maiƙo da leda duk maƙiyanta ne. Mu kuwa a ƙasar zafi muke, kuma a leda Hajiya ta naɗe tata.

Faks a ƙasarmu

A Nijeriya faks ba ta taɓa zama kayan gida ba, domin tana buƙatar layin tarho na girke, shi kuwa layin ya yi ƙaranci. Kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 shi kaɗai ke bayarwa, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan ɗari. Don haka sai ta zama ta bankuna da ma'aikatu da gidajen jaridu da manyan 'yan kasuwa. Wakilin jarida a Sakkwato ko Maiduguri zai rubuta rahotonsa da hannu ya tura hedikwata. Ɗan Kantin Kwari zai tura jerin kayan da yake so, a turo masa takardar farashi. Gidajen rediyon ƙetare masu sashen Hausa suna karanto lambar faks tare da akwatin gidan waya. Sauran jama'a kuwa sai shagunan buga waya, inda lamba ɗaya mai farawa da 064 take zama adireshin unguwa guda.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu so a tuna. 'Yan damfarar da ake kira 419, waɗanda suka samo sunan daga sashe na 419 na kundin laifuffuka, sun fara ne da wasiƙun gidan waya, a shekarun 1990 suka koma faks, kafin su ƙaura imel. Me ya sa faks ta yi musu daɗi? Saboda tana kai kan takarda mai tambari, da hatimi, da sa hannu, kuma duk a dishi-dishe, ta yadda na jabu da na gaske ba su da bambanci a ido. Amanar da mutane suka ba hoton takarda ita suka ci.

A 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta na shekarar aka fara kira. Cikin 'yan shekaru wayar girke ta zama tarihi. Layin salula kuwa an tsara shi ne don muryar ɗan Adam, yana matse sauti ta yadda kukan faks ba ya wucewa lafiya sai da tanadi na musamman. Da layin girke ya tafi, sai ya tafi da faks. Har yau akan ga tsofaffin takardun ofis ɗauke da lambar faks da ta daɗe da mutuwa.

Ta hau Intanet

A can ƙasashen da suka saba da ita, tambayar da aka shiga yi daban ce: tunda kwamfuta ta zo, me zai hana a raba faks da injinta? A 1985 wani kamfani a Amurka, GammaLink, ya fito da katin da ake sa wa kwamfuta ta riƙa aikawa da karɓar faks. Ba a jima ba kusan kowane modem ya iya wannan aiki. Amma har lokacin sai an biya kuɗin kiran waya mai nisa.

A 1993 wasu masana Intanet biyu, Carl Malamud da Marshall Rose, suka fito da wani gwaji mai suna TPC.INT. Dabarar ta taimakon kai-da-kai ce. Mai son taimakawa a wani gari zai ajiye kwamfuta da modem. Kai kuma daga ko'ina a duniya sai ka rubuta imel, a wurin adireshi ka sa lambar faks ɗin da kake nufi, a juye daga ƙarshe zuwa farko. Saƙon zai bi Intanet kyauta har ya isa kwamfutar da ke kusa da lambar, ita kuma ta buga kiran cikin gari mai araha ta sauke shi a na'urar faks. Kamar dai ka ba direban mota saƙo ya kai tasha, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi gida.

Wannan ya magance aikawa. Karɓa fa? A nan labarin wani mawaƙi ɗan asalin Jamus, Jaye Muller, ya shigo. Yawon wasa yake yi gari-gari, kullum faks ɗinsa na isa otal bayan ya riga ya tashi. A 1995 shi da abokinsa Jack Rieley suka kafa kamfanin JFAX, wanda zai ba ka lambar faks taka ta kanka ba tare da na'ura ba. Duk wanda ya turo takarda a lambar, manyan kwamfutocin kamfanin ne za su amsa kiran, su mayar da takardar hoto, su jefa maka a akwatin imel. A 1999 wani kamfanin, eFax, ya shiga raba irin waɗannan lambobi kyauta, a 2000 kuma kamfanonin biyu suka haɗe aka sami j2 Global.

Ita ma hukumar Geneva ba a bar ta a baya ba. A 1998 ta fitar da ƙa'idoji biyu. Ta farko, T.37, ita ce ta ajiye-ka-tura: a mayar da takarda hoto, a maƙala shi a imel, ya isa lokacin da ya isa. Ta biyu, T.38, ta fi wuya, domin tana so na'urori biyu su gaisa kai tsaye alhali Intanet ne a tsakaninsu. Matsalar ita ce Intanet yana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, wani ƙunshin ya makara, wani ya ɓace. In hira kuke yi, kunne zai cike giɓin. Faks kuwa ba ta da wannan haƙuri, ƙunshi kaɗan ya ɓace sai ta katse. Saboda haka aka sa tafinta a kowane ɓangare: na farko ya saurari kukan ya mayar da shi lissafi, ya tura kowane ƙunshi tare da maimaicin na baya don ko wani zai faɗi a hanya, na biyu ya sake mayar da shi kuka, yana kuma lallashin na'urar da ke gabansa kada ta gaji da jira.

Takarda ta biyu

A 2004 muka tashi gyaran gida da neman takardun fili, mai unguwa ya ce yana son Kawu ya sake rubutawa, wannan karon da shaidu biyu. Na koma shagon nan na tarar layinsa ya daɗe da mutuwa, mai shi ya koma sayar da katin waya a ƙarƙashin lema. A lokacin na fara zuwa kafe, inda ake sayen awa guda a shafe rabinta ana jiran shafi ya buɗe. Imel ba zai yi wa Kawu amfani ba. Ko mu masu boko a lokacin haruffanmu masu lanƙwasa ba sa fita, in ka rubuta "ƙ" sai wani ɗan akwati ya bayyana a can, balle ajami da wasullansa. Wani yaro mai kula da kafen ne ya ce, "Yaya, ai akwai masu ba da lambar faks kyauta." Ya buɗe mini, aka ba ni lamba ta Amurka.

Na buga wa Kawu na karanta masa lambar. Ya yi shiru, ya ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka koma Amurka ban sani ba?" Na ce ina nan Kano. Ya ce to shi dai bai gane ba, amma zai kai wa mai shago. Kashegari na tarar da ita a akwatina. Wasiƙa daga Jidda zuwa Kano, ta bi ta Amurka, ta riga ni isa kafe. Na buga kwafi biyu, na kai wa mai unguwa ɗaya, na kai wa Hajiya ɗaya. Ta juya ta, ta mayar mini, ta ce, "Riƙe abarka. Wannan ta kwamfuta ce, ni ina da ta asali a adaka." Na adana hoton a faifai, daga baya na mayar da shi filashi, duk sanda na buɗe sabon imel kuma sai in tura wa kaina.

Me ya hana ta mutuwa?

An sha yi wa faks jana'iza tana tashi. A 2018 wani bincike ya gano cewa asibitocin gwamnati a Ingila suna da na'urorin faks kusan 9,000, har ministan lafiya Matt Hancock ya hana sayen sababbi daga Janairun 2019. A Jamus, lokacin annobar korona a 2020, ofisoshin lafiya da dama da faks suke karɓar sakamakon gwaji. A Japan minista Taro Kono ya yi yunƙurin raba ma'aikatu da ita a 2021, ma'aikata suka yi masa ca da ɗaruruwan ƙorafi. A Amurka likitoci da masu sayar da magani da lauyoyi har yanzu suna amfani da ita.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Dokoki da al'adun ofis sun daɗe da amincewa da takardar faks mai sa hannu. Tana ba da 'yar shaidar cewa saƙo ya isa lamba kaza a lokaci kaza. Kuma kowa yana iya tura wa kowa, ko da manhajojinsu ba su jituwa. Sai dai in ka leƙa da kyau, da yawa daga cikin faks ɗin yau babu na'ura ko ɗaya a cikinsu. Kwamfuta ce ke tura wa kwamfuta, suna kwaikwayon gaisuwar 1980. Lambar ta rage, sunan ya rage, amincewar ta rage, injin da wayar sun tafi. Mu kuwa a nan mun tsallake wannan mataki gaba ɗaya. Hoton takarda da muke ɗauka da waya mu tura ta WhatsApp, aikin Caselli ne muke yi ba mu sani ba.

Ranar da aka buɗe adaka

Kawu ya rasu a 2011, Allah ya jiƙansa. Bayan 'yan shekaru 'ya'yansa suka dawo gida, ba su da wurin zama, suka tambayi kason mahaifinsu. Ba su yi laifi ba, domin suna ƙanana aka yi maganar. Dattawa suka taru a zaure. Mai unguwan da na kai wa kwafi ya riga mu gidan gaskiya, takardunsa sun watse. Hajiya ta ce a ɗauko adaka. Aka kwance leda, aka warware takarda, sai ga ta fara fat. Har yau ina tuna yadda ta riƙa juya ta gaba da baya, tana kai ta wajen haske. Ɗakin da ta yi shekara sama da hamsin a ciki ne ake magana a kansa.

Na ciro waya na nemo hoton 2004, na miƙa wa babban ɗan Kawu. Ya faɗaɗa shi da yatsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hannun Baba ne. Inna, ki yafe mana." Ɗaya daga cikin shaidun yana raye a Jidda, aka buga masa waya ya tabbatar. Hajiya ta ce ba komai, ta kuma ce a gyara musu ɗakuna biyu na wajen soro su zauna, ai gidan ubansu ne. Suna nan har yanzu.

Ba na cewa hoton ne kaɗai ya raba gardamar. Hoto ana iya ƙirƙira shi, yau ma fiye da jiya. Abin da ya yi aiki shi ne ɗa ya san hannun ubansa, shaida kuma yana raye. Amma da a ce saƙon da keken rubutu aka buga shi, ko imel ne, da babu abin da yaron zai gani ya gane. Wannan shi ne abin da mai agogon Sikotilan ya fara nema shekara 180 da ɗoriya da suka wuce, kuma shi Intanet ya gada daga faks.

Saboda haka, mai karatu, musamman 'yan'uwana marubuta masu tsofaffin yarjejeniyoyi da wasiƙu a fayil: duk takarda mai santsin nan da ka samu da sauran rubutu a jikinta, ka yi mata fotokwafi a takarda ta gari yau ɗin nan, ka ɗauki hotonta, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kada ka kai ta a manne mata leda da injin zafi, domin baƙi ƙirin za ta koma. Ita kuwa farar takardar Kawu, Hajiya ta hana a yar. Ta mayar da ita cikin ledarta, ta sa a ƙasan adaka, ta ce ita dai ta san abin da ke ciki.